Injin yana kunne amma ba a isa gare shi: yadda ake gano inda rezo ya tsinke a sabar girgije

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa da ke kula da manhajar lissafin kaya ta wani shagon sari a babbar kasuwar Maraɗi. Manhajar tana kan injin VM, wato kwamfutar da ke gudana a na'urorin wani kamfani, mai Ubuntu, da ya karɓa haya a AWS, kamfanin girgije na Amazon, cibiyar Paris. Ya ce tun jiya shafin ba ya buɗewa, SSH, hanyar shiga injin daga nesa, ma ba ya shiga, alhali allon kula yana nuna injin yana aiki. Ya kashe ya kunna sau biyu, babu canji. Yana son ya san ta ina zai fara, kuma ko gara ya goge injin ya gina sabo.

Malam, kada ka goge. Lissafin shagon yana kan faifan injin nan, kuma a yadda EC2, sashen hayar inji na AWS, ke zuwa, faifan tushe yana tafiya tare da injin idan aka goge shi, sai in an canza wannan saitin tun farko. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton faifan, abin da allon ke kira snapshot. Aikin minti kaɗan ne, kuma shi zai ba ka damar yin gyara da kwanciyar hankali. Ban da haka, idan matsalar tana cikin saitin rezon da ke kewaye da injin, sabon da za ka gina zai tarar da ita tana jiransa.

Akwai abu ɗaya a cikin bayaninka da ya kamata ka duba tun yanzu. Ka ce ka kashe ka kunna. A AWS, reboot daban, stop da start daban. Reboot yana barin adireshin IP na waje yadda yake. Stop yana mayar da adireshin ga kamfanin, idan ka kunna kuma a ba ka wani sabo, sai dai in ka ɗaura Elastic IP, wato adireshin dindindin. Saboda haka yana yiwuwa matsalar farko ta riga ta warware, kai kuma kana ta buga ƙofar gidan da ka tashi daga ciki. Buɗe allon, karanta adireshin da injin ke da shi yau, ka kwatanta da wanda ke cikin umarnin SSH ɗinka, sannan da wanda sunan shafin ke nunawa idan ka rubuta dig +short da sunan. Idan sun bambanta, ɗaura Elastic IP ka gyara rikodin A na sunan, wato layin da ke haɗa sunan da adireshinsa. Tun 1 ga Fabrairu 2024 AWS na cajin dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshin IPv4 na waje, na dindindin ko na wucin gadi, don haka babu wani sauƙin kuɗi da kake samu wajen zama da mai canzawa.

Daga nan sai ka saurari irin amsar da ake ba ka. "Ba ya shiga" ba bayani ba ne da za a yi aiki da shi, domin rashin shiga iri-iri ne, kuma kowane iri yana nuna wuri daban. Rubuta ssh -vvv da sunan mai amfani da adireshin, ko nc -vz da adireshin da lamba 22, wato lambar ƙofar SSH. Idan Windows ce a gabanka, Test-NetConnection da adireshin da -Port 22 yana yin wannan aikin a PowerShell.

Idan ya yi tsaye na tsawon lokaci sannan ya ce Connection timed out, saƙonka ya tafi ba a amsa ba. Wani ya jefar da shi a hanya ba tare da ya ce uffan ba, kuma wannan halin katangar tsaro ne, ko hanyar da ba ta kaiwa, ko adireshin da ba naka ba. Idan nan take ya ce Connection refused, wannan labari ne mai daɗi: saƙon ya ratsa dukkan shingaye ya kai ga injin, injin ne ya ce babu mai sauraro a wannan ƙofa. Ka bar allon AWS, aikinka yana cikin injin. No route to host yawanci katangar cikin injin ce ta ƙi ka a fili, da saƙon ICMP, irin saƙon da na'urorin rezo ke ba da sanarwa da shi. Could not resolve hostname matsalar suna ce, ba a ma fara tafiya ba. Permission denied kuwa rezo lafiyarsa ƙalau, mabuɗi ne ko sunan mai amfani. A hoton Ubuntu, wato kwafin tsarin da ake kafa inji da shi, sunan ubuntu ne, a Amazon Linux ec2-user. Akwai kuma wanda ya fi ruɗa mutane, wato haɗi ya ƙullu amma ya tsaya a banner exchange. Shi wannan sau da yawa injin ne ya shaƙe, za mu zo kansa.

Kada ka dogara da ping. Sabon Security Group, katangar da AWS ke sa wa injin, ba ya barin ICMP, wanda ping ke amfani da shi, ya shiga sai ka ƙara masa doka, don haka injin da ke cikin ƙoshin lafiya yana iya ƙin amsa ping har abada. Ka gwada ainihin ƙofar da kake nema, 22 ko 80 ko 443.

Kafin mu tafi Paris, mu duba ɓangarenmu na Maraɗi, domin a nan ne na fi zargin matsalar SSH ɗinka take. Yawancinmu da wayar hannu muke raba wa kwamfuta intanet, ko da ƙaramin modem mai layin waya. Kamfanonin waya ba sa bai wa kowane layi adireshin waje nasa. Suna tara dubban mutane a bayan adireshi kaɗan, tsarin da ake kira CGNAT, kuma sau da yawa za ka ga wayar tana ɗauke da adireshi daga jerin 100.64.0.0/10 ko 10.0.0.0/8, wanda ba shi ne duniya ke gani ba. Adireshin da duniya ke gani yana canzawa: kuran ya ɗauke modem ya sake kunnawa, ko ka sa wayar a yanayin jirgi ka cire, ko ka koma layi na biyu don na farko ya ƙare. To ranar da ka kafa injin, allon AWS ya ba ka zaɓin My IP a dokar SSH, kuma mai hankali shi yake zaɓa. Wannan zaɓin yana rubuta adireshin da kake da shi a wannan minti, da /32 a ƙarshensa, ya kulle kowa ban da shi. Ranar da kamfanin waya ya canza maka adireshi, kai ma ka zama baƙo. Buɗe checkip.amazonaws.com a kwamfutar da kake aiki da ita, ka kwatanta lambar da ke cikin dokar. Idan ba su yi daidai ba, ka gano bakin zaren.

Gyaran gaggawa shi ne ka sabunta lambar. Amma gobe ma za ta canza, kuma abin da mutane ke yi idan sun gaji shi ne su buɗe 22 ga 0.0.0.0/0, wato ga duk duniya. In ka yi haka, a tabbata shiga da kalmar sirri a kashe take, PasswordAuthentication no a saitin sshd, domin injunan da ke yawon gwada kalmomin sirri ba sa ɗaukar lokaci kafin su gano sabuwar ƙofa. Abin da na fi so ga mai irin layinmu shi ne Session Manager na AWS: injin ne ke fita ta 443 ya haɗu da kamfanin, kai ka shiga ta allon, babu buƙatar buɗe 22 ko kaɗan. Yana buƙatar manhajarsa mai suna SSM tana gudana a injin, da izinin IAM, tsarin ba da izini na AWS, da aka ɗaura masa. Ƙofar rumbun bayanai kuwa, 3306 ta MySQL ko 5432 ta PostgreSQL, haka ma 3389 ta RDP da ake shiga allon Windows daga nesa da ita, ba a buɗe su ga duniya ko na minti biyar "don gwaji", saboda dokar gwaji ita ce aka fi mantawa a rufe.

Raba adireshi da dubban mutane yana da wata illa. Idan ka sa fail2ban, manhajar da ke kulle mai yawan kuskuren shiga, yadda yake zuwa shi ne kuskure 5 cikin minti 10 ya jawo kulle na minti 10, kuma adireshi yake kullewa ba mutum ba. Yaron shago ya yi ta gwada mabuɗin da ba daidai ba daga layi ɗaya da kai, sai a kulle ku duka. Gwaji mafi sauƙi da ke raba gardama: canza zuwa layin wani kamfani, ko ka roƙi wani a Yamai ko Damagaram ya buɗe shafin. Idan yana buɗewa a can, injin da hanyarsa lafiya, abin yana tsakanin adireshinka da wata doka.

Idan ba ya buɗewa a ko'ina, sai a bi hanyar daga waje zuwa ciki, mataki-mataki, kamar motar kaya da ta taso daga Kano ta biyo ta Ɗan Isa: ana tambayar shingen ƙarshe da aka gan ta, ba a bazama gari ana nema ba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. Wanda ya canza abu huɗu tare ya ga ya yi aiki bai san abin da ya gyara ba, uku daga ciki kuma ramuka ne ya bari a buɗe.

Shinge na farko teburin hanya ne. Samun adireshin waje kaɗai ba ya sa injin ya kasance a fili. Sai teburin da ke haɗe da subnet ɗinsa, wato ɓangaren rezon da injin yake ciki, yana da layin 0.0.0.0/0 da ke nuni ga Internet Gateway, mai suna da ke farawa da igw. Idan layin yana nuni ga NAT Gateway, injin zai iya fita amma babu mai shigowa. Idan an rubuta blackhole a gefensa, an goge abin da yake nunawa. A lura cewa subnet da ba a ɗaura wa teburi ba yana bin babban teburin VPC, wato keɓaɓɓen rezonka a AWS, don haka ka tabbata wanda kake karantawa shi ne wanda injin ke bi.

Na biyu shi ne Network ACL, katangar da ke bakin subnet, kuma a nan ƙwararru ma ke tuntuɓe. Security Group yana da ƙwaƙwalwa: idan ya bar saƙo ya shiga, yana barin amsarsa ta fita ba tare da wata doka ba. Network ACL ba shi da wannan. Kowane fakiti sabo ne a wurinsa, mai shiga da mai fita. Lokacin da wayar mai shago ta nemi shafinka, tana zuwa ƙofa 443, amma ita daga wata ƙofa mai babbar lamba ta fito, kuma can amsar za ta koma. Linux yana ɗibar waɗannan lambobi daga 32768 zuwa 60999, Windows na zamani daga 49152 zuwa 65535, na'urorin NAT na kamfanonin waya kuma suna iya sauya su. Don haka dokar fita dole ta bar 1024 zuwa 65535. Wanda ya ce zai ƙara tsaro ya bar 80 da 443 kawai a ɓangaren fita ya toshe bakin injinsa: yana ji, ba ya iya amsawa. Dokokin kuma ana karanta su daga ƙaramar lamba, ta farko da ta dace ita ke yanke hukunci, don haka hani mai lamba 90 ya rinjayi izini mai lamba 100. ACL da ke zuwa da VPC yana barin komai. Wanda ka ƙirƙira da kanka yana hana komai har sai ka ƙara doka.

Na uku Security Group. Shi izini kawai yake da shi, babu dokar hani. Abin dubawa shi ne ko wanda kake gyarawa shi ne ke ɗaure a katin rezon injin, domin asusun da ya daɗe yana tara launch-wizard-1, 2, 3 masu kama da juna. Duba kuma TCP ne ko UDP, da cewa 0.0.0.0/0 bai haɗa da IPv6 ba, nasa shi ne ::/0. Idan sunan shafinka yana da rikodin AAAA, wato na adireshin IPv6, amma ba ka buɗe wannan ba, wasu za su ga jinkiri ko rashin buɗewa, wasu kuma ba za su ga komai ba.

Ba dole ne ka bi waɗannan uku da ido kawai ba. Reachability Analyzer yana karanta saitin daga Internet Gateway zuwa injin ya faɗa maka abin da ya tare hanya, da ɗan kuɗi kaɗan a kowane gwaji. VPC Flow Logs kuma suna rubuta kowace zirga-zirga da ACCEPT ko REJECT a ƙarshen layi, sai dai suna ɗaukar mintuna kafin su bayyana. Idan ka ga layin shiga daga adireshinka zuwa 443 an rubuta ACCEPT, sannan layin amsa zuwa babbar lamba an rubuta REJECT, ACL ne babu tantama, tunda Security Group ba ya hana amsar abin da ya bari ya shiga.

Masu karatu da ke wasu kamfanoni, tsarin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. A Azure katangar NSG ce, lambobin fifiko daga 100 zuwa 4096, kuma tana iya kasancewa a kan subnet da kan katin injin a lokaci guda. Sai dukansu biyu sun yarda. Akwai adireshi 168.63.129.16 da Azure ke amfani da shi wajen DHCP mai raba adireshi, da DNS mai fassara suna zuwa adireshi, da duba lafiyar injin, wanda ya toshe shi a katangar cikin injin ya jawo wa kansa rikici. IP flow verify a Network Watcher yana faɗin dokar da ta hana. A Google Cloud dokokin suna kan VPC, ana ɗaura su ta alamar tag, kuma maɓallin SSH na allon, ga injin da ba shi da adireshin waje, yana shigowa daga 35.235.240.0/20. Masu amfani da injin kyauta na Oracle Cloud kuma su sani hoton Ubuntu na can yana zuwa da dokokin iptables da ke ƙin komai ban da SSH, don haka buɗe 80 a allon kamfanin rabin aiki ne.

Yanzu a ce duk wannan daidai yake. Sai shiga cikin injin, kuma tambayar ita ce ta yaya, tunda SSH ba ya shiga. Fara da gwaje-gwajen lafiya da allon ke nunawa. Kalmar running tana nufin an kunna injin ne kawai. Idan gwajin System status ya faɗi, matsalar a na'urar kamfanin take, kuma stop da start yawanci yana mayar da kai wata na'urar. Idan Instance status ne ya faɗi, Ubuntu ɗinka ne ba ya amsawa. Karanta Get system log. Nemi layin Out of memory: Killed process, ko emergency mode, ko No space left on device. Ƙaramin inji irin t2.micro ko t3.micro yana da ƙwaƙwalwa gigabait 1 kacal, kuma babu swap, wato ƙarin ƙwaƙwalwa daga faifai, sai ka saka. MySQL da sabar shafi da rahoton ƙarshen wata a kansa lokaci guda sun isa su shaƙe shi, har sshd ya karɓi haɗi ya kasa cewa komai. Wannan ita ce tsayuwar banner exchange, kuma daga waje kamanninta ɗaya da matsalar rezo. Haka layi mara kyau a /etc/fstab: an cire wani faifai, injin ya tashi yana jiransa, bai kai ga kunna rezo ba. Kalmar nofail a wannan layin tana hana faruwar haka.

EC2 Serial Console yana ba ka allon injin kai tsaye ba ta rezo ba, amma yana aiki ne a injunan Nitro irin t3, ban da t2, sai an kunna shi a asusun, kuma sai akwai mai amfani da ke da kalmar sirri. Hoton Ubuntu ba ya zuwa da ita. Wannan abu ne da ake shiryawa ranar da lafiya take. Idan ba ka shirya ba, hanyar da ta rage ita ce ta faifai: tsayar da injin, cire faifan tushe, ɗaura shi a wani ƙaramin inji a yanki ɗaya, misali duka a eu-west-3a, hau shi a /mnt, gyara fayil ɗin da ya ɓaci, sauke, mayar da shi da sunansa na asali, wanda a Ubuntu /dev/sda1 ne. Idan ufw, katangar cikin Ubuntu, ne ya kulle ka, a /mnt/etc/ufw/ufw.conf za ka mayar da ENABLED zuwa no. Ka tuna ko jiya ko shekaranjiya an rubuta ufw enable ba tare da an fara rubuta ufw allow OpenSSH ba. Haɗin da ke buɗe a lokacin yakan ci gaba da aiki, sai ka rufe kwamfuta ka dawo ka tarar da ƙofa a garƙame, shi ya sa mutane ba sa danganta abin da umarnin da suka rubuta. Garin neman gira ke nan.

Da ka samu shiga, umarni ɗaya yana raba matsalar gida biyu: sudo tcpdump -ni any port 443. Bar shi yana gudana, ka buɗe shafin daga wayarka, ka zuba wa allon ido. Idan babu layin da ya fito daga adireshinka, saƙon bai iso ba, koma waje ka sake bin shingaye. Idan ka ga layi mai Flags [S], wato neman haɗi, yana maimaituwa bayan daƙiƙa ɗaya, biyu, huɗu, babu amsa, saƙon ya iso katangar ciki ta haɗiye shi. Duba sudo ufw status verbose da sudo iptables -S, ko nft list ruleset. Idan [S] ya shigo [R.] ya fita, babu mai sauraro. Idan [S] ya shigo [S.] ya fita amma wayar ta ci gaba da turo [S], injin ya amsa, amsar ce ta mutu a hanyar komawa, wato ACL ko teburin hanya. Waɗannan huɗu sun ƙunshi kusan duk abin da zai iya faruwa da farkon haɗi, kuma ganinsu ya fi awa uku na lalube cikin duhu.

Ga mai sauraro, sudo ss -tlnp yana jera ƙofofin da ke buɗe da manhajar da ke riƙe da kowace. Kalli ginshiƙin adireshi da kyau. 0.0.0.0:443 ko *:443 yana karɓar kowa. 127.0.0.1:5000 yana karɓar na cikin gida kawai, kuma haka Flask ke tashi idan ba a faɗa masa ba, haka PostgreSQL, haka MySQL na Ubuntu. Idan sabar shafi ta Nginx ce a gaba tana miƙa wa manhajar, daidai ne manhajar ta zauna a 127.0.0.1. Idan layin Nginx ne babu gaba ɗaya, systemctl status nginx da nginx -t za su nuna dalili, kuma systemctl is-enabled zai faɗa maka ko an saita shi ya tashi da kansa. Wannan ya shafe ka kai tsaye: manhajar da aka kunna da hannu watanni da suka wuce ba za ta dawo ba bayan kashewa biyun da ka yi. Wani kuskure da ake yi shi ne rubuta adireshin waje a saitin manhaja don ta saurara a kansa. Injin bai san wannan adireshin ba, ip a zai nuna maka na ciki kawai irin 172.31, kamfanin ne ke fassarawa a bakin ƙofa, don haka manhajar za ta ƙi tashi.

Idan da Docker a injin, abu biyu. Ƙofar da aka fitar da -p tana tsallake ufw, don haka ufw status ba ya faɗin gaskiyar abin da ke buɗe. Kuma Docker yana ɗibar 172.17.0.0/16 da jerin da ke biye masa; idan rezon ofis ko na VPN yana cikin wannan jeri, amsa za ta shige gadar Docker maimakon ta fita. ip route get da adireshin da kake nema zai nuna maka ta inda injin ke niyyar aikawa.

Ɓangaren fita ya fi sauƙi. Idan apt update ya tsaya, gwada curl -I https://1.1.1.1 sannan ka gwada da suna. Lamba ta yi, suna bai yi ba, DNS ne: resolvectl status zai nuna wanda ake tambaya, kuma a AWS ya kamata ya zama adireshin farko na jerin VPC da ƙarin biyu, 172.31.0.2 a wanda ke zuwa da asusu. Duka biyu ba su yi ba, duba ip route ko akwai layin default. Idan za ka taɓa netplan daga nesa, yi amfani da netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba ka tabbatar ba. Wasiƙar imel da ba ta fita ta ƙofa 25 kuwa ba lalacewa ba ce, manyan kamfanonin girgije suna toshe ta da gangan. A bi ta 587.

Saura nau'in da ya fi cin rai, wanda ke yi yana dainawa. Idan SSH yana shiga amma ya daskare da zarar ka buɗe dogon fayil, ko ƙaramin shafi yana buɗewa babba ba ya buɗewa, ka zargi girman fakiti. Katin EC2 yakan zo da MTU, wato iyakar girman fakiti, 9001, hanyar intanet 1500 ce, Google Cloud 1460, WireGuard 1420. Ana daidaita wannan ne ta saƙon ICMP nau'i 3 lamba 4, kuma wanda ya toshe ICMP gaba ɗaya ya kashe shi. Gwada ping -M do -s 1472 zuwa wani adireshin da ke amsa ping. 1472 da 28 na kan fakiti su ne 1500. Rage lambar har ta wuce, ka saita MTU na ramin VPN daidai da abin da ka samu. Idan kuma haɗi yana mutuwa ne bayan an bar shi shiru, na'urorin NAT ne ke manta shi: NAT Gateway na AWS bayan daƙiƙa 350, Azure bayan minti 4 a saitin asali, na kamfanonin waya ma suna da nasu. ServerAliveInterval 60 a fayil ɗin ~/.ssh/config yana maganin wannan ga SSH, haɗin rumbun bayanai kuma a kunna masa keepalive. A injin da ke da cunkoso, dmesg mai cewa nf_conntrack: table full yana nufin ana zubar da sababbin haɗi, kuma ethtool -S ens5 yana nuna ƙididdiga masu ƙarewa da allowance_exceeded, idan suna hawa, injin ya kai iyakar da aka yanka wa girmansa.

Wani lokaci kuma doguwar hanyar ce. Nijar ba ta da teku, zirga-zirgarmu tana gangarawa ta ƙasashen maƙwabta zuwa gaɓa kafin ta hau wayoyin ƙarƙashin ruwa. A miƙe Maraɗi zuwa Paris kusan kilomita 4,000 ne, haske kuma a cikin waya yana cin kamar kilomita 200 a kowace milisakan, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza 40 ba ko da wayar a miƙe take, balle da zagaye. Ganin sama da 100 ba alamar lalacewa ba ce. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sabobi a Turai lafiyarsu ƙalau, mutanen yankin ne ba sa isa gare su. mtr -rwc 100 -T -P 443 da adireshin yana nuna kowane zango. A karanta shi daga ƙasa: asarar kashi 60 a zango na biyar da ba ta bi har zangon ƙarshe ba ba komai ba ce, na'urar ce ba ta damu da amsa gwaji ba. Asarar da ta fara a wani zango ta ci gaba har ƙarshe ita ce ta gaske, kuma idan ta fara a zango na biyu ko na uku, maganar kamfanin layinka ce.

Ka leƙa kuma akwatin imel ɗin da ka buɗe asusun da shi. Katin biya da kuɗinsa ya ƙare, ko gargaɗin cewa an ga injin yana kai wa wasu hari, duk ta can ake aiko su, kuma suna iya kaiwa ga taƙaita asusu ko injin.

Idan ka bi wannan ba ta warware ba, turo layuka 20 na ƙarshe na ssh -vvv, hoton dokokin Security Group da na ACL shiga da fita, teburin hanya, sakamakon gwaje-gwajen lafiya, da ƙarshen system log. Ka rufe lambar asusunka a hoton, fayil ɗin mabuɗi mai ƙarewa da .pem kuwa kada ka tura wa kowa, ko da wanda ya ce taimaka maka zai yi.